Kafaɗar Hagu

"Ki zaɓa, Raudatu! Ko kyamara, ko ɗana!"

Ina durƙushe a falon Hajiya Turai da ke GRA ta cillo min wayarta kan kafet. Hotona ne, hannuna a kan hular Zayyad, ɗaya daga cikin samarin da nake ɗauka hoton tallan kaya, fuskokinmu dab da juna kamar masu raɗa.

"Hajiya, karin hular ne ya..."

"Rufe min baki! Mace ta wuni tana juya maza, wannan ɗaga haɓa, wancan kalle ni! Ita zan kawo gidana?"

Ɗan nata, Kashim, yana tsaye bakin ƙofa yana kallon ƙasa.

Sana'ata ke nan. Telolin Maiduguri su ɗinka kaftani da babbar riga, ni kuma in tsayar da samari in ɗauke su. Kuma wallahi ina da ƙa'ida, ba na taɓa namiji. Wata 'yar siririyar sanda nake riƙewa, da ita nake nuna inda za a sa hannu da inda za a kalla. Ranar nan kaɗai, haske na neman guje min, karin hular Zayyad ya tashi, na yar da sanda na gyara da hannuna. Ashe Mu'mina, 'yar ƙanwar Hajiya, da ta zo wai kallon aiki, wayarta na sama. Munafuka!

A gaban sandar nan na fara sanin Kashim. Wani tela abokinsa ne ya jawo shi, ya tsaya min ƙiƙam kamar soja.

"Malam, saki jikinka mana. Ka tuna wadda kake so."

Haka nake ce wa kowa. Shi kuwa sai ya ce, "Babu ita tukuna."

Zuwansa na gaba na maimaita, ya dube ni ya ce, "Ai ita ke riƙe da sandar."

Sai kafaɗarsa ta hagu ta sauka.

Murmushi ana koyonsa, ni da kaina nake koya wa maza na ƙarya har ya fi na gaskiya kyau. Amma kafaɗar Kashim ba ta iya ƙarya ba. Ba ta sauka sai hankalinsa ya kwanta da mutum, shi kansa bai sani ba. Ko a gefen Hajiya na ɗauke shi hoto, a ɗage take. A gabana kuwa kullum sai na ce, "Ya Kashim, ɗaga kafaɗar hagu," zuciyata fal daɗi.

Kashegarin tashin hankalin nan ya zo gidanmu a unguwar Abbaganaram.

"Rauda tawa, ki bar aikin nan kawai..."

"Masoyina, da kyamarar nan fa ka same ni."

"Na sani. Amma hoton nan... ni ma yana hana ni barci."

Wayyo Allah! Duk zagin Hajiya bai soke ni kamar wannan ba.

"Zan bari," na ce ina kuka. "Ka yi min haƙuri in gama aikin sallah, na riga na yi wa teloli alkawari."

Ya ce to. Daga nan kira ya ragu, zuwa ya ɗauke. Ranar da na rufe shago na aika masa cewa na bari, ranar wata ƙawata ta gaya min an kai gaisuwarsa gidan su Mu'mina.

Na kwanta ciwo. Abu ɗaya ya riƙe ni, na ce biyayya ce ya yi wa uwarsa, zuciyarsa tana nan wurina. In haka ne zan iya rayuwa.

Da na koma aiki, sai ga Mu'mina ta kira, wai ni take so in yi musu hoton kafin biki. Don ta ƙona min rai ne, na sani sarai. Na karɓa, saboda ina so in gani da idona.

Ya shigo cikin farar shadda, ya kasa haɗa ido da ni. Na tsayar da shi, ga shi ƙiƙam, kafaɗu a ɗage. Alhamdulillah, na ce a raina, dole aka yi masa!

"Amarya, matso kusa. Ango, saki jiki."

Bakina ya riga ni, don ya saba. "Ka tuna wadda kake so."

Na leƙa ta kyamara ina jira ya kallo ni.

Mu'mina ta yi masa wata raɗa, ya juya gare ta yana dariya.

Kafaɗar ta sauka.

Na daɗe ina kallonta, hawaye ya rufe min ido har na daina ganin komai. Na goge da gefen mayafi, na ɗaga sandata.

"Ango... a ɗaga kafaɗar hagu."

"Au, ta sauka ne?" ya ce, idonsa na kan amaryarsa.

"Ta sauka," na ce.

Na danna.