Mai Kwashe Sharar Sabuwar Unguwa

Da almuru na ɗauki ledar shara na nufi bakin layi. Ba mu daɗe da tarewa a unguwar ba.

Unguwa ce ta bayan gari, irin wadda in ka ce can kake zaune sai dangi su sake kallon takalminka. Kwalta har ƙofar gida, furanni a jikin katanga, babu kwata, babu ƙuda. Maigidana ya sha wuya kafin ya samo mana gidan. Ranar tarewa yayata ta zagaye ɗakunan tana tsokanata, wai daga yau sai ta yi wanka sau biyu kafin ta zo gaishe ni.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Ban taɓa ganin motar shara ba, amma kullum da safe durom ɗin bakin layi fes yake, kamar an wanke shi da sabulu. Da na tambayi maƙwabciyata, matar likita, sai ta kau da kai ta ce in dai riƙa fitar da sharata da rana tsaka, kada in bari rana ta faɗi. Na ɗauka dokar masu kuɗi ce.

Ran nan jaririyata ta wuni tana gudawa. Kunzugu ya taru, ga kan kifi da ya kwana, ga sauran abinci ya yi yami. Kicin ya ɗauki wari. Maigidan bai dawo daga ofis ba, yarinyar kuma ta samu barci, na ce bari in yi maza in dawo.

Layin tsit. Kowace taga an sauke labule. Maigadin layin ya kulle kansa a ɗakinsa, har rediyonsa ya kashe. Ledar tana ɗiga a gefen ƙafata, ɗis, ɗis, ban kula ba.

Ɗoyin ne ya fara tarye ni. Ba irin na shara ba ne. Kamar mushen da ya kumbura a rana, an yayyafa masa turare mai tsada.

Sai na ji tauna. Da tsotsa. Da lasar ƙarfe.

Wani dattijo ne cikin fararen kaya masu guga, ya zura rabin jikinsa cikin durom ɗin. Na zaci mai taɓin hankali ne, har tausayi ya kama ni.

"Sannu, Baba," na ce.

Ya ɗago. Ya yi ta ɗagowa, har hularsa ta kai kan fitilar titi. Bakinsa ya tsage daga kunne zuwa kunne. Tsutsotsi na zuba daga gemunsa, yana tare su da tafin hannu yana mayarwa ciki.

"Ke ce sabuwar zuwa," ya ce a hankali, kamar mai gudun tada wani daga barci. "Na san ki, 'yar nan. Na ci gashin da kika taje. Na ci farcen mijinki."

Ya sunkuyo kaina, ya ci gaba.

"Nan duk bolarmu ce tun kafin a haifi kakanki. Kuka zo kuka shimfiɗa mana kwalta a kan kwanon abinci."

Ya zare ledar daga hannuna. Ya yage ta da farce ɗaya. Ya ture kan kifin gefe, ya zaɓo kunzugun jaririyata, ya buɗe, ya shinshina, ya lumshe ido. Ya tura shi baki gaba ɗaya.

Na yi amai a kan takalmina. Ya kalli aman da sha'awa.

"Na ƙaramar ne wannan," ya ce. "Akwai zaƙi. Tana ina?"

Ya cafke wuyan hannuna. Harshensa ya sauko, baƙi, mai sanyi, mai yauƙi, ya nannaɗe shi.

Addu'a ta kuɓuce mini. Na fizge. Yauƙin ne ya cece ni, hannuna ya sulluɓe.

Na ruga.

Bai biyo ni da gudu ba. Sai na ji lasa a bayana, a kan kwalta. Ɗigon ledata yake bi.

Na faɗa gida, na danna sakata, na suri yarinyar na ƙanƙame ta a bayan ƙofar ɗaki.

Lasar ta iso bakin get. Ta hau ƙarfen. Ta sauko. Ta sake hawa.

Sai ga hon ɗin motar maigidan, komai ya ɗauke. Ya shigo yana tambayar wa ya wanke mana get, ga shi jiƙe sharkaf yana ƙyalli.

Washegari na tare matar likita. Ba ta musa ba. Ta ce kowa a layin ya sani, amma wa zai bar gida irin wannan saboda abin da bai taɓa cin kowa ba tukuna? Tana faɗa tana fesa turare a mayafinta. Ban san wanda na fi ƙyama ba, ita ko dattijon.

Maigidan bai gaskata ni ba sai da ya shinshina hannuna, ya fita tsakar gida yana kakari. Muka kwashe kaya muka koma tsohon gidanmu na haya a cikin gari.

Warin bai bar wuyan hannuna ba. Na dirje shi da sabulu, da toka, da lemun tsami, har fatar ta saluɓe. Da cokali nake cin abinci yanzu, kuma mutane kan ja baya in na miƙa musu abu.

Yarinyar ce kaɗai ba ta gudunsa. Jiya ina yi mata wanka ta kamo hannun, ta kai baki, ta lasa a hankali. Ta lumshe ido.