Ranar da Auta Ta Zama Injiniya

A wani gida mai ɗaki uku, akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu. Ita ce ƙarama a gidan, don haka kowa Auta yake ce mata.

Auta ba ta ganin kwali ta ƙyale. Kwalin sabulu, kwalin takalmi, har kwalin ashana, duk nata ne. Takan yanka su da almakashi, ta liƙa da gam, ta gina gidaje ƙanana masu ƙofa da taga. Ƙarƙashin gadonta unguwa ce guda.

"Wata rana mu ma a kwali za ki saka mu," in ji Mama.

Yayanta kuwa ma'aikacin kwamfuta ne. Shi yake kula da kwamfutocin wani ofis. A gida yana da ɗan tebur a kusurwar falo, da ƙananan sukundireba, da murfin kwalba da yake tara kusoshi a ciki. In yana gyara, Auta takan tsaya a bayansa ta zuba ido.

Wata rana Yaya ya ba ta tsohuwar kwamfutarsa. Ya saka mata wani wasa na gina gari, wanda mutane da yawa suke yi tare ta intanet. Kowa yana da filinsa. Wani ya gina gada, wani kasuwa, wani lambu.

Mama ta kafa mata sharaɗi. "A falo za ki yi, bayan kin gama aikin makaranta. Ba a faɗin suna, ba a faɗin inda gida yake. Kin ji?"

"Na ji, Mama."

'Yan wasan suna da zaure a intanet, inda suke hira a rubuce. Shugabar zauren malamar makaranta ce, kowa Malama yake kiran ta. Dokarta ta farko ita ce, duk baƙon da ya shigo sai ya gabatar da kansa. Zai faɗi laƙabinsa, da abin da yake sha'awa, da aikin da yake yi.

Auta ta zauna tana karanta na mutane. Wannan direba ne, yana son kamun kifi. Waccan ma'aikaciyar jinya ce, tana son saƙa.

Akwai wani dattijo mai laƙabin Mai Lambu. Ya rubuta cewa ya yi ritaya, kuma matarsa ta rasu bara. Ita ce mai son furanni. Hotunanta duka suna cikin kwamfutarsa. Yakan kalli hotunan lambunta, ya gina irinsa a cikin wasan, fure bayan fure.

Auta ta tausaya masa ƙwarai. Sai kuma ta dubi wurin da za ta rubuta nata. Me za ta ce? 'Yar makaranta mai liƙe-liƙen kwali? Ai dariya za su yi mata.

Ta saci kallon teburin Yaya. Sannan ta fara danna maɓallai.

"Sannunku. Laƙabina Injiniya. Aikina gyaran kwamfuta a wani babban ofis. Ina sha'awar kwance na'ura da ɗaura ta."

Ta tura. Ko minti biyar ba a yi ba, amsoshi suka fara zuwa.

"Maraba da Injiniya!"

"Kai, mun yi babbar baƙuwa!"

Auta ta ji kanta ya yi girma. Ranar har tafiyarta sai da ta canja. Mama ta aike ta kicin ɗauko cokali, ta tafi a hankali kamar mai ofis.

Bayan kwana biyu, saƙo ya zo daga Mai Lambu.

"Injiniya, don Allah a taimaka wa tsoho. Kwamfutata ta yi nauyi. In na danna abu, sai in haɗa shayi in shanye kafin ya buɗe. Me zan yi?"

Auta ta sake karanta saƙon. Nan ya kamata ta ce ba ta sani ba. Amma ina! Injiniya guda ta ce ba ta sani ba?

Ta tuna ta sha jin Yaya yana cewa a waya, "A yi mata fomatin, za ta dawo kamar sabuwa." Ta kuma sha ganin inda yake dannawa. Sai ta rubuta wa dattijon matakan, ɗaya bayan ɗaya.

"Allah ya yi miki albarka," in ji Mai Lambu. "Zan gwada ƙarshen mako."

Auta ta rufe kwamfuta tana murmushi. A ganinta ta yi aikin kirki.

Ranar Asabar da hantsi, wata maƙwabciya ta kawo wa Yaya kwamfutarta. Auta tana ƙasa tana yankan kwali, tana jin su.

"Ta yi nauyi," in ji matar. "An ce a yi mata fomatin."

"To, Anti," in ji Yaya. "Amma kafin in taɓa ta, akwai hotuna ko takardu a ciki?"

"Cike take da su."

"Sai mun fara kwashe su a filas, 'yar na'urar ajiya, tukuna. Fomatin shara ce. Duk abin da ya tarar a ciki, sharewa yake yi. Ba ya barin ko hoto ɗaya."

Almakashin ya suɓuce daga hannun Auta.

Ba ya barin ko hoto ɗaya! Ita kuwa ba ta gaya wa Mai Lambu ya kwashe komai ba. Ba ta ma san ana kwashewa ba.

Ta ruga ta buɗe zauren. Akwai sabon saƙo, an turo shi ta waya.

"Injiniya, na yi yadda kika ce. Kwamfutar tana gudu yanzu. Amma ban ga hotunan marigayiya ba. Lambun ma babu. A ina zan duba?"

Auta ta karanta sau biyu. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da maƙwabciyar ta fita, sai kawai ta fashe da kuka.

Mama ta fito da sauri tana goge hannu. "Lafiya? Kin yanke ne?"

Auta ta girgiza kai. Ta juya musu kwamfutar, suka karanta komai, tun daga gabatarwar har zuwa saƙon ƙarshe.

Yaya ya dube ta. Bai yi dariya ba, bai kuma yi tsawa ba. Da ya yi tsawar ma da ya fi mata sauƙi.

"Auta, yaushe kika zama injiniya?"

"Kunya na ji, Yaya. Kowa yana da aiki. Ni kwali kawai gare ni."

Mama ta zauna kusa da ita. "Kin ga abin da kunyar ta jawo? Bawan Allah ya yarda da ke. Abin da ya rage masa na matarsa ke nan."

"Yaya, don Allah," in ji Auta cikin kuka. "Sun tafi ke nan?"

"Wataƙila ba duka ba. Wani lokaci abin da aka share yana nan a kwance, muddin ba a ɗora sabo a kansa ba. Amma dole ya daina taɓa ta yanzu-yanzu."

"To ka rubuta masa!"

Yaya ya tura mata kwamfutar. "Zan taimaka. Amma ke za ki fara. Kuma a zauren, inda kika faɗi na farkon."

Auta ta dubi Mama. Mama ta gyaɗa kai.

Ba ta taɓa rubuta abu mai wuya kamar wannan ba. Ta goge, ta sake, ta goge. Daga ƙarshe ta tura.

"Ku yi haƙuri, na yi ƙarya. Ni ba injiniya ba ce. 'Yar makaranta ce ni. Yayana ne mai aikin kwamfuta. Kaka Mai Lambu, shawarar da na ba ka ba daidai ba ce. Don Allah kada ka sake taɓa kwamfutar. Yayana zai duba."

Sai direban nan ya rubuta, "Haba! Wannan ai ba wasa ba ne." Auta ta sunkuyar da kai, don ta san gaskiya ya faɗa.

Malama ta shigo. "A dakata da faɗa. A fara ceto hotunan. Ina da lambarsa, bari in haɗa shi da yayanta."

Can sai wayar Yaya ta yi ƙara. Muryar dattijon a sanyaye take. Yaya ya gaishe shi da ladabi, ya koya masa abin da zai danna. Ba a jima ba allon kwamfutar dattijon ya bayyana a kan ta Yaya. Daga nan falonsu yake aiki a cikinta, kamar tana gabansa.

Aikin ya ɗauki yini guda. Wani ɗan layi kore yana tafiya a allo, a hankali, a hankali. Mama ta kawo abinci, Auta ta kasa ci.

Da yamma hoton farko ya fito. Wata dattijuwa ce mai fara'a, riƙe da butar ban-ruwa a tsakiyar furanni. Sai na biyu. Sai na uku. Suka yi ta fitowa.

A waya suka ji dattijon yana jan hanci. "Ita ce," in ji shi. "Ga ta nan."

Yawancin hotunan sun dawo. Wasu kaɗan sun lalace, rabinsu ya zama toka-toka. Lambun cikin wasan kuwa, da yake a cikin kwamfutar yake ajiye, bai dawo ba sam. Aikin wata takwas ya tafi.

"Ba ni yarinyar," in ji Mai Lambu.

Auta ta karɓi wayar da hannu biyu. "Kaka, ka yafe mini."

"Na yafe, jikata. Ba zan ɓoye miki ba, yau na yi kuka. Amma da kin yi shiru, da na ci gaba da danne-dannena, na rasa su duka. To gaya mini, ke me kika iya na gaske?"

"Gidajen kwali," in ji ta, da ƙyar ake jin ta.

"Madalla! Ni ko akwatin kwali ban iya naɗewa ba."

Duk da haka Mama ta hana ta wasan har mako guda. Auta ba ta yi gardama ba. Ta roƙi Yaya ya nemo mata izinin ganin hoto ɗaya na lambun, dattijon kuwa ya turo.

Kullum in ta dawo daga makaranta ta gama aikinta, sai ta baje kwalayenta. Ta yanka shinge. Ta yi ɗan benci da kwalin ashana. Ta murɗa takardu masu launi, suka zama furanni. Har butar ban-ruwan ta yi, da murfin man goge baki.

Da mako ya cika, Malama ta ce ta sake gabatar da kanta. Wannan karon Auta ba ta kalli teburin Yaya ba.

"Sannunku. Laƙabina Mai Kwali. Ina makaranta. Ina son gina gidaje da kwali, ina kuma son kallon yayana yana gyaran kwamfuta. Ban iya ba tukuna, amma ya fara koya mini. Darasin farko shi ne, a kwashe hotuna kafin a taɓa komai."

Ta liƙa hoton lambun kwalin a ƙasa.

Direban ne ya fara amsawa. "Kai! Da wannan kika ɓoye mana?"

Ma'aikaciyar jinya ta ce, "Ga taswira ta samu. Ku zo mu gina wa Kaka lambunsa."

Haka aka yi. Ranar Asabar suka taru a filin Mai Lambu a cikin wasan. Auta ce take nuna inda kowane abu zai zauna. Direban ya kafa shingen a karkace har sau biyu, ta ce ya gyara, ya gyara. Kafin yamma lambun ya tsaya.

Mai Lambu ya zaunar da ɗan mutumin wasansa a kan bencin. Sannan ya ce, "Nan marigayiya take zama. Kin sa shi daidai wurinsa, Mai Kwali."

Auta ta share ido da bayan hannu. Mama tana tsaye a bayanta, ta dafa kafaɗarta.

"Me kika koya?" in ji Mama.

"In faɗi gaskiyar ko ni wace ce, ko da ina ganin abin da na iya ƙarami ne. In kuma ban san abu ba, in ce ban sani ba."

"Shi ke nan," in ji Mama. Ta miƙa mata wani sabon kwalin takalmi da ta ɓoye a bayanta.

Yara, ku ma ku riƙe wannan. Kada ku ari aikin wani don a yaba muku, domin wanda ya yarda da ku shi zai cutu. Ku gabatar da kanku yadda kuke. Abin da kuka iya da gaske, shi ne zai amfani mutane.