Kafin Jirgi Ya Sauka

A teburin cigiyar kaya na filin jirgi ta fara ganinsa. Ya zo neman jakarsa da ta ɓata a hanya, idanunsa jawur, yana faɗin kalarta yana mantawa.

"Akwai abu mai muhimmanci a ciki?" ta tambaye shi.

"Magungunan mahaifiyata ne. Amma ba sauri, an binne ta tun ina sama."

Ashe ma'aikacin jinya ne a wata ƙasa can ƙarshen duniya, inda sai mutum ya hau jirgi, ya sauka, ya sake hawa wani, ya wuni ya kwana kafin ya iso. Da aka ga jakar ita ta kira shi, kuma daga ranar wayarsu ba ta sake hutawa ba. Ta raɗa masa Baƙo, shi kuma yana ce mata 'Yar Cigiya.

Bayan ya koma, safiyarta ta zama yammacinsa. Ya kan rubuto: "'Yar Cigiya, na gama da ranar nan na turo miki. Ki lallaɓa ta, ta sha wuya a hannuna."

Sai dai da maganar aure ta taso, Babanta ya ƙi. Tsohon tela ne mai ciwon zuciya, matarsa ta rasu, ita kaɗai ya haifa.

"Ba ƙin yaron nake ba," ya ce yana shafa kan keken ɗinkinsa. "Amma ki tambaye shi, ya ga gawar uwarsa? In na faɗi da safe, kafin azahar an kai ni. Ke kina can kina neman tikiti."

Gwaggonta kuwa ta samu abin yi, kullum sai ta yi mata tallar auren mai kantin maganin bakin layi. "Wannan ko tari kika yi zai ji, ba sai an tashi injin jirgi ba."

Ta rubuta masa: "Baƙo, ka haƙura da ni. Baba ya fi mu gaskiya."

Ya amsa: "Na nemi aiki a wajenku, ba su ɗauke ni ba. Na bincika duk jiragen da ke zuwa, babu mai saurin da muke so. Ina sonki, amma ba zan yi miki ƙarya in ce za ki iso ba."

Daga nan suka daina waya. Wallahi abin tausayi, yarinya ta zube, abinci sai an yi da gaske. Duk sanda aka sanar da saukar jirgin da ya kawo shi, sai ta shige banɗakin ma'aikata ta yi kukanta.

Wata rana ta kawo wa Baba rigarta ya rage mata. Ya gwada ta, ya ga yadda ta rame, sannan ya ce ta ba shi lambar yaron.

Baƙo ya zo aka ɗaura musu aure, amarya na kuka, ango ma dauriya kawai yake.

Ranar tafiya Baba ya rako su har inda ake tsayar da masu rakiya. Ya riƙe hannunta.

"Dube ni da kyau yanzu, uwata. Ranar da aka kira ki, kada ki hau jirgi kina duban agogo. Ki yi min addu'a daga inda kike, na yafe miki zuwan. Allah ya yi muku albarka."

Ta tsaya tana kallonsa har aka yi kiran ƙarshe. Baƙo na gefe riƙe da fasfo ɗinsu, bai ce ta yi sauri ba.