Jan Fenti a Gawon Gangara

Almuru ya tarar da Dija, ma'aikaciyar gandun daji, a bayan garin Gangara, saura gawo ɗaya ta tashi aiki. Duk iccen da ta shafa wa jan fenti, ta sa hotonsa a kwamfutar hannunta mai jure faɗuwa da rairayi, masu sara ba sa kusantarsa.

Ta ɗaga buroshi ke nan sai ta ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali tsakiyar rani ne. Ga wani tsoho tsaye a gefenta, ba ta ji takunsa ba.

Ya ce, "Ɗiyata, tsallake wannan. Ba a rubuta shi."

"Baba, uku na tsallake bara don an ce na mutanen ɓoye ne. Yau sai kututture. Wannan kam sai na rubuta."

"Ba ki tsoro?"

"Gatari nike tsoro."

Ta ja fenti a jikin gawon, ta ɗauki hoto, ta adana. Hasken kwamfutar ya faɗa kan tsohon. Ɗanyen jan fenti na gangarowa a ƙirjinsa, daidai inda ta shafa wa iccen.