Jar Motar Bayan Kwata

Rana ta kusa faɗuwa a Faskari, kaji sun fara neman wurin kwana. Hajiya Barakatu tana gaban murhu tana kwashe tuwon masara, ɗiyarta Hafiza, budurwar da ta gama sakandare bana, tana jera mata kwanoni. Can ƙarƙashin rumfar kwano maigidan, Alhaji Mas'udu, yana goge jar motarsa da tsumma, kamar yadda ya saba tun ranar da aka kawo ta gidan.

Hajiya ta buɗe tukunyar miya, sai ta ja da baya tana toshe hanci. Miyar kukar da ta kaɗa da hannunta ta koma baƙa ƙirin, tana warin tumbin saniya da ya wuni a rana, fararen tsutsotsi suna motsi a samanta. Kafin ta buɗe baki, wani abu ya faɗo kan rufin kwano. Wani ya sake faɗowa tsakar gida, ya gangaro har gaban ƙafarta. Ta duba da kyau. Ƙashin gwiwar saniya ne, da sauran jijiya a jikinsa.

"Alhaji," ta ce a hankali, "zo ka gani."

"Yaran maƙwabta ne," ya ce, bai ko waiwayo ba.

Alhaji Mas'udu ya yi ritaya ne daga aikin gwamnati a Kaduna ya dawo gida. Sa'o'insa sun kama noma da kiwo, shi kuwa abin da ke ransa tun yana yaro shi ne motar tsere irin ta da, mai ƙofa biyu, marar rufi, irin wadda ya taɓa ganin wani Bature mai sayen auduga yana tuƙawa. Ba don tafiya yake son ta ba, hanyoyin yankin ba na mota mai jan ciki ba ne. So yake ya gyara abarsa, ya goge, ya zauna yana kallo. Ya duba wata a Ƙanƙara, ya ce ƙofofinta sun yi yawa. Ya duba wata a Sheme, launinta bai yi masa ba. A garin Sabuwa ya samu wadda ta kwanta masa, a bayan kwata, inda mahauta ke zubar da kashin tumbi da ƙasusuwa. Tayoyinta sun nutse a juji, jinin yanka ya yi shekaru yana bi ta ƙarƙashinta, ungulaye na sauka kewaye da ita amma ba sa hawa kanta. Ya toshe hanci ya leƙa, ya ga zagayayyun fitilu da sitiyarin katako, ya ce shi kam ya samu.

An wanke ta da omo, an bi da kananzir, an turara ta. Warin bai fita ba, sai ma ya bazu. Ya shiga labule, ya shiga zannuwan gado, ya kama har garin tuwo. Korayen ƙudaje suka cika zaure. Ruwan randa ya fara wayar gari da maiƙo a kansa da gashin dabba. Matan maƙwabta suka daina shigowa, masu shigowar kuma ba sa karɓar ko ruwan sha.

Da magariba abin ke tashi. Ana kiran salla jifa zai fara, sannan daga cikin motar a riƙa jin ƙarar tauna, kamar ana farfasa ƙashi da haƙora, da ƙananan muryoyi suna rigima ƙasa-ƙasa.

"Don Allah, Alhaji, a fidda motar ga daga gidan nan," in ji Hajiya. "Ko abinci ba ni iya haɗiya."

"Tsatsa ce da tsohon mai. In aka yi mata fenti komi zai wuce."

Wata yamma Hajiya ta kira Hafiza ta kawo mata buta, shiru. Ta duba ɗaki, ta duba madafi. A cikin motar ta same ta, zaune a kujerar direba, ta naɗe ƙafafu, tana gwaguyar wani busasshen ƙashi. Baƙin mai yana zuba daga gefen bakinta har wuyan riga. Yarinyar da ko ƙuda ya faɗa kofinta sai ta zubar, ita ce ke lasar yatsu.

"Hafiza!"

Ta ɗago kai a hankali. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, mai kauri, mai majina.

"Rufe mani baki. Yara na cin abinci."

Daga ranar Hafiza ta ƙi wanka, ta ƙi salla. In an kusanto ta da sabulu sai ta yi ta kakarin amai. Hajiya ba ta ƙara neman shawarar kowa ba, ta aika Ƙanƙara aka ɗauko Malam Nata'ala, dattijon da aka sani da ruƙiyya.

Bayan la'asar ya iso. Ya tsaya bakin zaure ya rufe hanci da gefen rawani, ya daɗe yana duban motar. Ya sa aka shimfiɗa tabarma nesa da rumfar, Hajiya ta riƙe kafaɗun ɗiyarta, Alhaji ya tsaya gefe. Malam ya fara karatu, bai ɗaga murya ba, bai yi sauri ba. Inuwa ta yi ta tsawo a tsakar gida. Hafiza ta fara murɗewa, ta sandare, sannan ta saki wata dariya mai wari.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Dada."

"Mi ya kawo ki gidan mutane?"

"Ni na kawo kaina? Wancan ya ɗauko ni da ɗakina. Cikin kujerun nan na haifi ɗiyana duka. Abinci har bakin ƙofa ake zubo muna, jini da ɗuminsa. Ya kawo mu inda ake shara safe da yamma, ana turare, ana karatu. Ƙazamin gida! Ɗiyana sun rame."

"Ki fita daga jikin yarinyar nan."

"A yanka mani baƙin bunsuru nan tsakar gida, a bar jinin ya kwanta."

"Ba a yanka don wanin Allah. Ba za a yi ba."

Ya ci gaba da karatu. Ta yi ƙara, ta yi birgima, sannan ta lafa. Idanun Hafiza suka juya suka sauka kan mahaifinta, muryar ta yi laushi.

"To, maigida, mu shirya da kai. Ka bar mani yarinyar in zauna cikinta, ni ko in bar maka motar. Warin zai tafi. Har tashe maka ita zan yi."

A ƙarƙashin rumfa, motar da ba ta da batir, ba ta da ko ɗigon fetur, ta yi tari sau ɗaya ta tashi. Fitilunta suka kama. Injin ya riƙa kaɗawa sumul, da wani sauti mai zurfi, irin wanda Alhaji ya ji yana yaro a bakin titi.

Alhaji Mas'udu ya juya ya dubi motar. Bakinsa ya ɗan buɗe. Hajiya tana riƙe da ɗiyarta, baƙin yawu yana bin hannunta, ta ɗaga kai tana jiran ta ji ya yi ihu, ko ya yi salati, ko ya zagi tsohuwar. Yana nan tsaye, hasken fitilun a fuskarsa.

Malam ne ya katse shirun.

"Ba a ciniki da ɗiyar mutane, la'ananniya!"

Ya tofa a ruwa ya watsa mata, ya ɗaga murya da karatu har injin ya shaƙe ya mutu. Dada ta yi ta kururuwa tana cewa ana ƙona ta. Daga ƙarshe ta ce ta yarda, amma a mai da ɗakinta inda aka ɗauko shi kafin wata magaribar. Malam ya ce wannan haƙƙinta ne, za a yi. Ya sa ta yi alkawarin ba za ta sake waiwayar gidan ba. Hafiza ta dunƙule, ta amayar da wani baƙin abu mai guntayen ƙashi, ta yi atishawa, ta faɗi jikin uwarta.

"Inna," ta ce da muryarta ta ainihi, "mi ke wari haka?"

Washegari aka ɗora motar kan babbar mota aka mai da ita bayan kwatar Sabuwa. Hajiya ta ƙona labulaye, ta fasa randar, ta sa aka kankare ƙasar rumfar aka zuba sabon yashi. Jifa ya tsaya. Hafiza ta warke, ba ta tuna komai ba, ba a kuma faɗa mata ba.

Sai dai Hajiya ta daina zama kusa da Alhaji in yana cin abinci. Takan ajiye masa kwano ta koma madafi, in hannunsa ya taɓa nata wajen karɓar buta, sai ta je ta wanke. Da abin ya ishe shi, wata yamma ya tare ta a ƙofar madafi.

"Barakatu, mi na yi maki? Mota ta tafi, yarinya ta samu lafiya. Da tsohuwar nan ta yi maganarta, ai ban ce komi ba."

Ta dube shi kamar yadda ta dubi tukunyar da ta lalace, ta gyara ɗaurin zanenta.

"Shi ne, Alhaji," ta ce. "Ba ka ce komi ba."