Takalmin Livia

"Ko ƙoƙon kan nan ko ni, Tuta. Yau za ki zaɓa."

Tuta ta ɗago daga durƙuson da take. Ferrante na tsaye a bakin kogon, ya toshe hanci da hankici kamar wanda aka aiko juji.

"Ferrante... a gabanta kake faɗin haka?"

"A gaban wa? Ƙashi ne fa."

Wai ƙashi. Duk Napoli babu wanda bai san al'adar matan unguwarmu ba. Kogon nan cike yake da ƙasusuwan waɗanda annoba ta kwashe, aka zuba su babu suna babu addu'a. Mace takan zaɓi ƙoƙon kai ɗaya ta riƙe kamar maraya, ta goge shi, ta shimfiɗa masa ƙyalle, ta kunna masa fitila, ta roƙa masa sauƙi. Wadda ta ɗauka kuwa ba ta yasarwa. Uwar Tuta ta yi, kakarta ta yi. Amma da yake Tuta 'yar mai wankau ce, shi kuma ɗan gidan sarauta, sai abin ya koma maita.

Clorinda ce ta ƙulla, 'yar ƙanwar uwarsa, wadda ta daɗe da ɗaura wa kanta aure da shi a zuci. Ita ta je falon nan nasu mai ruɓaɓɓun labulaye, inda rufi ke yoyo a kan hotunan kakanni, ta raɗa wa uwarsa, Donna Ippolita, cewa da kan matacce aka kama mata ɗa.

Ferrante ya sassauta murya.

"Mamma ta ce in kin rabu da shi za ta yarda a yi bikinmu. Hasken idona, me zai rage ki?"

"Yarinya ce, Ferrante. Tana zuwar mini a mafarki, a tsorace. In na bar ta, wa take da shi?"

"Ni kuma wa nake da shi?"

"Kai kana da uwa."

Ya juya ya tafi. Ta yi kuka har idonta ya kumbura, amma gari na wayewa ta sayi mai ta koma ta cika fitilar.

Da abin ya ƙi ci, Donna Ippolita da kanta ta zo, da rana tsaka, cikin baƙin siliki da asu ya gama ci, Ferrante da Clorinda a bayanta. So take ta tozarta Tuta a gaban matan da ke durƙushe suna goge nasu.

"Ga surukarki nan, Inna," in ji Clorinda. "Ga kuma dangin amarya, duk sun hallara, sai murmushi suke."

Ta sa ƙafa ta ture fitilar. Mai ya malale, wutar ba ta mutu ba. Sai ga ƙoƙon kan yana tsattsafo da gumi, ɗigo-ɗigo, a kogon da babu ko danshi.

Donna Ippolita ta taɓe baki.

"Ke ce mai hira da matattu? To, me wannan ke ce miki?"

"Magana ɗaya take maimaitawa, ranki ya daɗe..."

"Ina jin ki."

"Wai a gaya wa Mammarta takalmin ya matse ta. Farin nan mai maɓalli. Ta ce ba fushi ta yi ba, a dai cire mata."

Tsohuwar ta dafe bango.

"Livia..."

"Mamma?" Ferrante ya riƙe ta. "Ba kin ce Yaya Livia na kwance a hubbaren kakanninmu ba?"

"Akwatin babu kowa. Shekarar kwalara amalanken kwasar gawa ya zo, ba a tambayi 'yar waye ba, suka haɗa ta da kowa. Takalminta na zuwa coci na sa mata, ya yi mata kaɗan... na tura da ƙarfi don suna jira a ƙofa."

Kunyar a ce 'yarta na cikin talakawa ta hana ta nemanta, har 'yar mai wankau ta tsince ta. Ta zube a ƙasa da silikinta, tsakanin mai sayar da kifi da mai wankau. Tuta ta miƙa mata tsumma.

"A hankali, ranki ya daɗe. Ta fi son a fara da goshi."

Ferrante ya durƙusa gefen Tuta, ido jawur.

"Zuciyata, ki yafe mini."

"Ba ni ka kira ƙashi ba. Ga yayarka nan."

Bayan bikin Ista aka ɗaura auren. Clorinda kuwa har yau ba ta janye kalmar mayya ba, haka waɗanda suka taya ta yaɗawa, kuma suna nan da ransu, coci ɗaya muke shiga. Su fito su faɗa da bakinsu cewa ƙarya suka yi wa Tuta. Ba a yafe ba tukuna.

Washegarin biki Tuta ta farka tana dariya. Ferrante ya ɗago ta.

"Ta zo?"

"Ta zo. Ƙafa babu takalmi, sai gudu take a falonku, tana jan labulaye."

"Me ta ce?"

"Ko kallona ba ta yi ba."