Jimla ta Biyar

"Malam, kai ma ba ka da mata, kamar yadda Anti ba ta da miji?"

Ajin manya ya kwashe da dariya. Auta ta toshe bakin 'yar yayanta, shi kuwa malamin Turancin alli ya suɓuce masa. Ranar suka fara haɗa ido.

Awa ɗaya Yaya ya yarje mata duk Asabar, don ta iya karanta takardun magani, shi ma sai da 'yar rakiya. Sauran mako tana ɗakin Baba, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara huɗu. Juyi, wanka, cokali, juyi.

Tsarin Malam shi ne kowane mako kalma ɗaya, kowa ya rubuto jimla biyar daga rayuwarsa, ban da ƙarya. Wata Asabar ya rubuta "stay" a allo.

"Zama ne a wuri ba tare da ka tafi ba," ya ce. "Ana faɗa wa baƙo, ana faɗa wa wanda ba ka so ya tafi."

Auta ta rubuto cewa tana zama da Baba. Tana zama a ɗaki. Tana zama ranar bikin ƙawayenta. Tana zama ko ba ta da lafiya. Layi na biyar ta bar shi fari.

Saƙon Malam ya shigo wayarta: "Ɗalibata, babu kuskure ko ɗaya, amma kin hana ni sukuni. Ina ta biyar?"

"Ta biyar ita ce har yaushe, Malam. Ban sani ba, kuma ka ce ban da ƙarya."

Bayan wata shida ya turo manyansa. Yaya ya ce atafau. "In ta tafi, wa zai juya Baba? Ni ina aiki, matata na goyo." Zuwa ajin ma ya soke mata.

Tana kuka ta tura wa Malam: "Ka nemi wata, masoyi. Ni ba mai fita ba ce."

Ranar Asabar sai ga shi a gidansu, ya naɗe hannun riga.

"Yaya, koya mini yadda ake ɗaga Baba."

Yaya ya tsaya yana kallon gadon. Shekara huɗu, bai taɓa ɗaga shi ba. Auta ce ta nuna musu inda ake sa hannu, su biyun suna haki. Baba ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Ku... sake ta."

Aka raba jinya: Yaya safe, Malam yamma, Auta rana. Ango ya kama ɗaki a layin bayansu. Ranar ɗaurin aure ta miƙa masa littafinta, layi na biyar a cike: da shi za ta zauna, da son ranta.

"Maki goma, amaryata. Allah ya bar mu tare."

Ke da kike karantawa, in akwai wata a gidanku da kullum ake yabon haƙurinta, ki leƙa ɗakin da take yau ki karɓe ta. Kada ki jira sai baƙo ya zo ya naɗe hannun riga.